Sunan da ke Kan Takardar Bashi

Abu biyu aka san ni da su a cikin Hausawan Greensboro, kuma duka biyun ina taƙama da su. Na farko, ban taɓa cin bashi mai ruwa ba. Na biyu, ban taɓa faɗin sunan 'yata ta fari ba. Na farkon ni nake shelarsa da bakina a duk inda mutum uku suka taru. Na biyun kuwa ba ya buƙatar shela, duk wanda ya shigo gidana ya ji ina ta "ke" da "yarinyar nan" ya san inda na dosa.

Haka na taso na gani a gidanmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a zama da shi a yi hira. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa aiken yayana kai tsaye ba, sai dai ya fuskanci bango ya ce, "A je a sayo goro." Ni kuma tawa kunyar ninki biyu ce, domin sunan mahaifiyata na sa wa yarinyar. Wane ni in buɗe baki in kira sunan tsohuwa gatsau kamar marar mafaɗi? Maiɗakina ita ma ta fara riƙe al'adar, amma ba ta yi nisa da ita ba. Ranar da ta kai jaririyar rigakafi, ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ta sunan, ta tsaya tana murmushi tana kallon ƙasa, har matar ta fara tunanin ko sato yarinyar aka yi. A kan teburin asibitin nan ta ajiye kunyarta ta dawo gida. Ni ban ajiye tawa ba. Harkar makaranta da asibiti na bar wa uwar, in kuma takarda ta ritsa da ni sai in rubuta sunan, tunda ba a ce alƙalami ma ya ji kunya ba.

Yanzu ne nake gane cewa wannan al'ada an yi ta ne don gida mai zaure da kakanni da gwaggonni, inda in uba ya kau da kai akwai mutum goma da za su duba yaro. Ni kuwa na ɗauko ta ɗungurungum na kawo ta gidan haya a bene na biyu a East Greensboro, inda mu biyar muke layin banɗaki ɗaya. Muna zaune a teburi guda, yarinyar tana miƙo mini gishiri, sai in juya in ce wa uwarta, "Ki gaya wa yarinyar nan ta rage kallon waya." Uwar ta dube ta ta ce, "Kin ji." Ita kuma ta ce, "Na ji." Ƙannenta maza biyu kam sunayensu har sun suɗe a bakina, tun safe nake ƙwala musu kira.

Aikina tuƙin wata farar mota ce mai ɗaukar tsofaffi zuwa wankin ƙoda ta mayar da su gida. Maiɗakina tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ba mu da arziki, amma ba mai binmu ko sisi, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Motar hawana da kuɗi hannu na saye ta, duk da cewa ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Katin bashin da bankuna ke turowa ta gidan waya, almakashi nake sa masa a gaban yara don su ɗauki darasi. Tsararrakina da muka zo ƙasar nan tare sun sayi gidaje da bashin shekara talatin, wasu a Pleasant Garden inda sai mutum ya hau mota kafin ya gaisa da maƙwabcinsa, wasu a Sedgefield. Babbansu wani Alhaji ne mai harkar tura tsofaffin motoci gida, wanda tagar falonsa ke kallon filin da Turawa ke buga ƙwallon sanda. Duk Juma'a in mun haɗu a wurin ajiye motoci na masallaci, sai in miƙa masa hannu in ce, "Alhaji, yaya gidan banki? Suna dai barinka ka kwana a ciki ko?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, Allah ya bar mu da kai." Mutum ne mai sanyin hali, ni kuma na ɗauki sanyin nasa a matsayin na kayar da shi.

Da yarinyar ta gama sakandare, jami'o'i uku suka ɗauke ta, domin kanta yana ja, wannan kam ko ban faɗa a gabanta ba na sani. Sai uwar ta kawo mini saƙo wata Lahadi muna shan shayi. Wai yarinyar ta yi lissafi, tana ganin gara ta fara shekara biyu a ƙaramar kwaleji nan cikin gari, tana kwana gida tana cin tuwon gida, daga baya ta koma babbar jami'a ta ƙarasa. Wai kuɗin zai ragu sosai. Yarinyar tana tsaye a bakin kicin da takardar lissafin a hannunta, da layuka masu launi da komai.

Ban karɓi takardar ba. Ɗan Alhaji yana wata jami'a mai nisa, har an liƙa tambarinta a bayan motar gidansu. Ni a ce 'yata tana kwalejin da kowa ke shiga? Na ce wa uwar, "Ki gaya mata ita karatu ne nata, kuɗi nawa ne. Ta zaɓi wadda ta fi suna." Ta zaɓi wadda ke wani gari, tafiyar awa biyu daga gida, ta naɗe takardarta ta koma ɗaki.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Ranar taron Ƙaramar Sallah, a filin shaƙatawar da muke kamawa duk shekara, ana gashin kaji ana cin waina, hira ta biyo ta kan bashin karatu. Kowa yana kuka. Wannan ya ce ɗansa ya gama shekara huɗu ke nan amma bashin ko gezau, wancan ya ce 'yarsa tana biya yana ƙaruwa kamar gashin kai. Sai na miƙe, da cinyar kaza a hannuna, na ce, "Ku shaida, muddin ina numfashi, yarinyar nan ba za ta ci bashin ruwa ba. Za ta shiga da kuɗin halak ta fito da digirin halak." Aka yi kabbara. Wata Hajiya har da guɗa. Alhaji ya ce, "Allah ya ba da iko," ya ci gaba da cin wainarsa.

Ku yi mini uzuri kaɗan, ni ban san karatu yana cin kuɗi haka ba. A zamaninmu a jami'a can gida, gwamnati ce ke lallaɓa mu mu yi karatu. Tikitin abinci ake ba mu, ranar Lahadi da kaza, a wanke mana zannuwan gado, jiharmu kuma ta biya mu alawus. In madarar shayi ta yi ƙaranci mu fito zanga-zanga. Da wannan kan na buɗe takardar kuɗin zangon farko, sai da na cire tabarau na goge na mayar. Kuɗin karatun kansa ashe shi ne mai kunya a cikinsu. A bayansa akwai kuɗin ɗaki, ɗakin da su biyu ke ciki kuma bai kai kicin ɗinmu ba. Akwai kuɗin abinci dole, ko yaro ya ci ko yana azumi. Akwai kuɗin wasanni, alhali yarinyar nan ko tseren buhu ba ta taɓa yi ba. Akwai kuɗin wurin motsa jiki, da kuɗin na'ura, da wani kuɗi da har yau ban gane na mene ne ba, ina jin kuɗin rubuta sauran kuɗaɗen ne. Littafi ma ba saye ake yi ba, haya ake yi a kwamfuta, zango na ƙarewa ya rufe kansa, balle ƙane ya gada.

Amma na riga na yi magana a gaban jama'a. Na sa aka sayar da filina da ke bayan gari a Kano, filin da na yi shekara takwas ina zana ginin da zan yi a kansa a bayan ambulan. Da aka juya kuɗin zuwa dala, zango ɗaya da 'yan kai ya biya. Maiɗakina ta roƙi uwar adashensu aka matso mata da kwasarta. Na ƙara aikin Asabar. Muka fita shekarar farko da ƙyar da jiɓin goshi, ni kuwa a masallaci kafaɗata har tana taɓa kunne.

Shekara ta biyu takarda ta zo, komai ya ƙara tsawo. Ɗaki ya tashi, abinci ya tashi, har kuɗin da ban san na mene ne ba shi ma ya tashi. Fili kuma babu na biyu. Ga ƙanena a gida yana turo saƙon murya duk farkon zango, da doguwar gaisuwa, a ƙarshe kuɗin makarantar 'ya'yansa, kuma mutumin Amurka ba ya cewa babu, ko ya faɗa ba mai yarda. Na zauna na tattara abin da ke hannunmu kaf, bai kai kashi biyu cikin uku ba. Takardar ta kwana uku a kan teburin cin abinci. Kowa yana zagaye ta, har ƙananan yaran sun koyi ajiye kofi nesa da ita. Gaskiya na tsorata, irin tsoron da ban yi ba tun zuwana ƙasar nan.

A rana ta huɗu na ce wa uwar, ina ɗaura takalmi ina kallon ƙasa, "Ki tambayi yarinyar nan, makarantar tasu ba ta da wani taimako ne?" Yarinyar tana nan zaune a falo, lokacin hutu ne. Bayan mako biyu uwar ta ce mini, "Malam, an samu. Ka biya abin da kake da shi, sauran an rufe." Na ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗauki makullin mota na fita.

Abin da na ce ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ban ce wane irin taimako ba, ban ce wa ya bayar ba, ban ce a nuna mini takarda ba. Ni da nake kirga canjin da aka ba ni a gidan mai sau biyu. Na gaya wa kaina cewa ba girmana ba ne in zauna da 'yar fari muna bin takardu layi-layi, mahaifina bai yi ba, kakana bai yi ba. Kafin in kai mararrabar farko na riga na yanke wa taimakon nan suna. Da Juma'a ta zagayo kuwa na sanar da jama'a cewa yarinyar nan ta ci sikolashif.

Daga nan abin ya zama sana'a. Iyaye suka fara tare ni suna neman shawara, ni kuma ba na rowar ta. Ina cewa, "Sirrin abu biyu ne, tarbiyya da tsoron Allah. In ka guji haram, Allah zai buɗa maka ta inda ba ka zato." Har wani bawan Allah ɗan Jos, Kirista ne da muke aiki tare, ya ce in zo cocinsu in yi wa iyaye bayani, Allah ya taimake ni ranar ta faɗo a kan aikin Asabar. Duk shekara takarda tana ƙara nauyi, abin da nake iya biya yana nan inda yake, sikolashif kuwa sai ƙara faɗi yake yi daidai girman ramin, kamar tela ne ya auna shi. Wannan ma bai sa na yi tambaya ba. Yarinyar takan zo hutu ta rame, uwar ta ce tana aiki a ɗakin cin abincin makaranta da yamma. Na ce a gaya mata ta riƙa cin abinci.

Ranar da ta gama, na ga ta hau dandamali da baƙar riga da hular nan mai faɗi, aka kira sunanta a lasifika, aka karya shi gida uku. Hawaye ya zo mini, na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido. Mako na zagayowa na kama zaure na yi walima. Mata suka fitar da anko, aka yi shinkafa da waina da farfesu, har daga wasu garuruwa an zo. Na karɓi lasifika na yi jawabin da ya fi minti ashirin. Na tuna wa jama'a alkawarin da na yi da cinyar kaza a hannu. Na ce, "Ga ta nan, ko sisin kwabo na riba bai shiga cikin digirin nan ba." Aka yi tafi. Na saci kallon yarinyar, kanta yana ƙasa tana murza gefen mayafinta. Na ce a raina, kai, tarbiyya ta yi, dubi kunya.

Ta samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, ta dawo gida da zama. Wata bakwai, wata takwas, ban ga alamar albashi a jikinta ba. Tsohuwar motar uwarta take ja, abinci a roba take tafiya da shi, ranar Asabar kuma ta kama wani aikin a kantin magani. Maganar digiri na biyu da ta daɗe tana yi wa uwarta, shiru kake ji. Ni kuwa na fassara abin da cewa tattali ta gado a wurina.

Rannan ƙanena ya turo saƙonsa na farkon zango, wannan karon 'ya'ya biyu sun shiga jami'a. Lahadi ce bayan azahar, mun gama cin abinci, yaran maza sun fita ƙwallo. Na gyara murya na ce wa uwar, "Ki gaya wa yarinyar nan, tunda Allah ya fitar da ita ba bashi a kanta, ta ɗauki nauyin karatun 'yan'uwanta biyu a gida. Wanda aka yi wa rana shi ma ya yi wa wani."

Maiɗakina mace ce mai haƙuri, shekara ashirin da biyar ban ji ta ɗaga mini murya ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali. Ta ce, "Malam, ni na yi ritaya daga aikin masinja. Ga ta, ga ka. Tsakaninku ko taku biyu babu." Ta shiga ɗaki ta fito da wata ambulan ta ajiye a gabana, daidai inda waccan takardar ta taɓa kwana uku.

Na buɗe. Sunan mahaifiyata ne a sama, da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa dala dubu ashirin da wani abu. A gefe kuma wani layi da aka rubuta kuɗin ruwan da ya taru tun tana aji biyu, yana ta haihuwa a lokacin da nake yawon wa'azi.

Abin da ya fara zuwa mini fushi ne, kuma na ji daɗinsa, domin fushi ya fi kunya sauƙin ɗauka. Na ce an ci amanata. Na ce an shigo mini da wuta cikin gida. Na zagi ƙasar da ke sayar wa yaro ɗan shekara goma sha tara bashi, alhali ba za ta yarda ta ba shi hayar mota ba. Duk wannan uwar nake kallo ina faɗa.

Sai yarinyar ta yi magana, kuma ni ta fuskanta. Hausarta tana da ɗan tsami irin na yaran nan, amma ranar ba ta yi tuntuɓe ba. Ta ce, "Baba, na kawo maka lissafi tun farko, ba ka karɓa ba. Da kuɗin suka gaza, hanya biyu ce, ko in bar school ko in ɗauki loan. In na bari, me za ka ce wa mutanen da suka yi maka kabbara? Shi ya sa na sa hannu." Sannan ta ce, "Shekara uku ina jira ka tambaye ni. Na ce ko sau ɗaya ka ce, ke, wane irin taimako ne, wallahi zan faɗa maka. You never asked, Baba."

Uwar ta ƙara da cewa, "Kuma kada ka ce ba ka sani ba. Ranar da na ce maka an samu, ko ɗaga kai ba ka yi ba. Wanda bai sani ba tambaya yake yi."

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja ruwan na shige rumfa, yarinyar ya doka. Hannuna ya fita tas, ko ɗigon riba bai taɓa shi ba, saboda 'yata ta miƙa nata a madadina. Na tashi na shiga mota na yi ta zagaya unguwa, na wuce jami'ar da ke kusa da mu, wadda da ƙafa ma ana zuwa daga gidanmu, na ga yara suna tafe da jakunkunansu. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Juma'ar da ta biyo na so in sulale bayan sallama, amma Alhaji ya riga ni zuwa wurin motoci. Na ga ba makawa, na ja shi gefe na ce, "Alhaji, ashe maganar sikolashif ɗin nan akwai gyara." Ya ce, "Ai mun sani." Na ce, "Ku wa?" Ya ce, "Kowa. Yaran nan ai suna hira da juna, a layi ɗaya suke cike takardun. Tun shekarar da ta ci bashin ɗana ya gaya wa uwarsa." Na ce, "Kuka bar ni na yi jawabin minti ashirin?" Ya ce, "To Malam, shinkafar ta yi daɗi, kuma ba a katse mai walima." Ya dafa kafaɗata. Na tsaya ina jiran ya tambaye ni yaya digirin banki, don na ci bashin wannan tambayar shekara da shekaru. Bai tambaya ba. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, in gaida gida. Da ya rama da na fi samun sauƙi.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na kira ƙanena na ce masa bana sai dai a yi haƙuri da rabi, ya amsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan na yanke cewa bashin nan ni na ci shi, ko da sunan wa aka rubuta. Duk wata zan riƙa biya daga albashina, da uwar kuɗin da ruwan, yarinyar kuma ta ajiye aikin Asabar ta nemi digirinta na biyu. Yadda zan yi bayanin ruwan gobe kiyama, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Na buɗe baki zan ce wa uwar ta gaya mata, sai na tuna masinja ta yi ritaya. Na juya na ce, "Ke, zo ki nuna mini yadda ake biyan abin nan."

Ta ce tunda daga asusuna kuɗin za su riƙa fita, gara mu kira kamfanin da ke karɓar bashin a shirya komai ta waya. Ranar Litinin da safe, kafin in fita ɗaukar tsofaffina, muka zauna a teburin nan, kujera kusa da kujera, abin da ba mu taɓa yi ba. Ta sa wayar a tsakiya ta buɗe murya. Muka sha kiɗan jira har shayina ya huce. Can wata mata ta ɗauka, da fara'ar nan tasu ta aiki. Yarinyar ta yi bayani, ta ce mahaifinta ne zai riƙa biya, ta ba da izini a yi magana da ni. Matar ta gaishe ni, ta tambayi sunana na faɗa. Sannan ta ce, don tabbatarwa, in faɗa mata cikakken sunan mai bashin.

Na dubi yarinyar. Na dubi ƙofar kicin, uwar tana tsaye da tawul a hannu, ta ɗaga gira ta ƙi motsi. Na ce wa matar ai mai sunan tana nan zaune, ita ma ta faɗa ɗazu. Ta ce ta ji, amma ƙa'ida ce, wanda zai biya shi zai faɗa. Na nuna takardar da yatsa, kamar matar tana ganina. Ta ce, "Sir, kana ji na?"

Shekara ashirin da uku na tsare sunan nan. Ban faɗe shi ranar suna ba, liman ne ya faɗa. Ban faɗe shi ranar da ta fara tafiya ba, ko ranar da zazzaɓi ya kai mu asibiti da ita, ko ranar da ta hau dandamali. Ga shi yau zan faɗe shi ga wata baƙuwa da ke can wata jiha, a kan maganar kuɗin ruwa. Na share maƙogwaro na faɗa, can ƙasa-ƙasa. Matar ta ce ba ta ji ba, in taimaka in jero mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Na jero. Ta maimaita shi, ta karya shi yadda suka saba, ta mayar da shi wani abu kamar sunan maganin tari.

Nan raina ya ɓaci. Sunan tsohuwata ne fa. Na matso da wayar na ce mata ba haka ake faɗa ba, ta saurara da kyau. Na faɗe shi da ƙarfi, cikakke, da jan da ke tsakiyarsa, yadda ake kiransa a tsakar gidanmu.

A gefena aka ce, "Na'am, Baba."

Matar tana ta tambayar lambar asusu, ta maimaita har sau uku. Daga ni har yarinyar ba wanda ya iya ba ta amsa, sai da uwar ta ajiye tawul ta zo ta karanto mata.